Rarrabe Gaba da Baya a Hoto: Misalin Homar Masunci

Duk wanda ya dubi hoton masuncin Augie ko na Argungu cikin kogin Matan Fada, lokacin bikin kamun kifi da aka soma a 1934, nan da nan idonsa zai ware mutumin daga ruwa da taron da ke bayansa. Kwamfuta ba ta da wannan sauƙi, gama abin da ta ke karɓa ɗigo-ɗigo ne kurum, kowane ɗigo da lambobi uku, watau gwargwadon ja da kore da shuɗi da ke cikinsa.

Ɗigon da ya faɗa a ƙirjin masunci na gaba ne, wanda ya faɗa tsakiyar ruwa kuwa na baya ne. Wahalar tana wurin homa. Zarenta ya fi ɗigo siranta, saboda haka launin zare da na ruwa su kan gauraya cikin ɗigo guda. A 1984 Porter da Duff suka shimfiɗa ƙa'idar wannan gauraye: kowane ɗigo yana da ma'auni, alfa, daga 0 zuwa 1, mai nuna rabon gaba a cikinsa. To, mai son warware hoto tilas ya nemi lambobi bakwai (uku na launin gaba, uku na launin baya, da alfa), alhali uku kaɗai ke hannunsa. Lissafi shi kaɗai ba zai fisshe shi ba, sai an ƙara masa wani labari.

Masu fim kan rataya koren labule don launin baya ya zama sananne, kamar yadda mai hoton fasfo a Birnin Kebbi ke rataya farin ƙyalle. Dabarar GrabCut ta 2004 tana neman mutum ya zana akwati kewaye da abin da ya ke so. Wayar iPhone 7 Plus ta 2016 kuwa ta kan ƙiyasta nisa da kyamara biyu, sa'an nan ta dusashe abin da ke nesa. Duk da haka raga da gashi da feshin ruwa su kan ruɗe ta.

Wannan ya shafi malami mai koyarwa da Hausa. Kalmomin "gaba" da "baya" sun samo asali daga sassan jiki, kuma sun raba abu gida biyu cif. In an tsaya a kansu, ɗalibi zai zaci layi guda ne ke tsakani. Ya kyautu a ƙara ta uku, "gauraye", domin a nan aikin ya ke.