Dogon Hutu: Abin da Wuni a Daji Ke Yi wa Idon Yaro

Da zarar makarantu sun rufe a ƙarshen Yuli, tambayar iyaye ɗaya ce: ina za a kai yaran nan kafin Satumba? Galibi amsar a shirye take, lesin. A 'yan shekarun nan kuma wani abu ya shigo zancen a manyan birane, wato sansanin hutu na yini, inda ake kwasar yara da safe a kai su lambu ko gandun daji, su wuni suna kallon tsuntsaye, suna tonon ƙasa, suna koyon sunayen itatuwa, da la'asar a mayar da su gida. A Amurka ƙungiyoyi irin su Audubon sun daɗe suna shirya wa yara irinsa a hutun bazara. Abin da ake ji daga bakin iyaye kuwa bai wuce, "Kuɗi zan biya a kai mini ɗa wasan ƙasa? Gara ya zauna ya yi lissafi."

Maganar kuɗi tana da tushe. Inda aka kauce hanya shi ne ɗaukar cewa yaron da ke cikin ɗaki yana ƙaruwa, na waje kuma yana asarar lokaci. Likitocin ido sun shafe kusan shekara ashirin suna tara hujjar da ta saɓa wa wannan tunani.

A 2008 aka wallafa wani bincike da ya kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7 a birane biyu, Sidni ta Ostireliya da Singafo. A Singafo kashi 29 cikin 100 na yaran ba sa ganin nesa sai da tabarau. A Sidni kashi 3 ne kacal. Jinsi ɗaya ne, don haka ba a iya ɗora laifin kan gado ba. Karatu ma bai ɗauki laifin ba, domin yaran Sidni sun fi na Singafo yawan karanta littattafai. Bambancin da ya fito fili shi ne yaran Sidni suna yin kusan awa 14 a waje duk mako, na Singafo kuwa awa 3.

Daga baya aka gwada abin kai tsaye. A birnin Gwangjo na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantun firamare minti 40 a waje kowace ranar karatu, aka bar wasu makarantun yadda suke. Bayan shekara uku, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna kashi 30 na yaran da aka fitar sun kamu da rashin ganin nesa, a ɗaya ɓangaren kuma kusan kashi 40. Taiwan ta riga ta mayar da batun manufar gwamnati tun 2010, ta buƙaci makarantu su riƙa fitar da yara na minti 120 a kullum, kuma raunin ganin da ya yi shekaru yana hauhawa a tsakanin 'yan firamare ya soma sauka.

To me ke faruwa a cikin idon? Ana haihuwar jariri da ƙwayar ido mai tsawon kusan milimita 17 daga gaba zuwa baya, ta riƙa girma har ta tsaya wajen milimita 24. Idan ta zarce ƙima, hoton abin da ke nesa sai ya faɗo kafin ya isa tantanin bayan ido, komai ya zama dishi-dishi. Ƙarin milimita ɗaya ya isa ya hana yaro karanta allo daga kujerar baya. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne haske mai ƙarfi yana sa tantanin nan ya saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke taka wa girman ido birki. Manomi ya san kwatankwacin haka: waken da ya tsiro a ƙarƙashin kifaffiyar tukunya yakan miƙe zarara, ya fi na fili tsawo, amma tsawon banza ne, rashin rana ne ya jawo shi.

Wani zai ce ai ɗakinsa da haske, ga fitila ga taga. Ido ne ke yaudararmu, domin yana saurin sabawa da duk inda ya shiga. A ma'aunin haske da ake kira laks, aji mai fitilu masu kyau yakan kai 300 zuwa 500. Tsakar rana a fili kan kai 100,000. Ko ranar da hadari ya rufe sama, ko gindin kuka da darbejiya, hasken ya ninka na aji sau da yawa. Ke nan babu mai cewa a shanya yaro a rana, inuwa ma ta wadatar. Kuma guje-guje a rufaffen zaure ba ya ba da wannan kariya, domin hasken ake nema.

Abu biyu ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Na farko, wannan rigakafi ne. Idon da ya riga ya yi tsawo ba ya komawa, yaron da ke buƙatar tabarau a kai shi asibiti a auna shi. Na biyu, tabarau yana gyara gani ne kawai. Wanda larurar ta yi masa tsanani yana cikin haɗarin ɓallewar tantanin ido da hawan jinin ido idan ya manyanta. Shi ya sa shekarun firamare suka fi muhimmanci.

Tsoron iyaye game da daji ma ba raini ba ne, tunda hutunmu yana faɗawa tsakiyar damina. Lokacin ne saran maciji ke ƙaruwa, asibitin Kaltungo a jihar Gombe shaida ne. Kududdufi kuma shi ne matattarar tsargiya, ban da haɗarin nutsewa. Duk mai shirya sansani a tambaye shi: yara nawa ke hannun kowane babba? Za su sa takalmi rufaffe? An hana shiga ruwa? Za su dawo kafin magariba sauro ya fito? Wanda ya kasa amsa waɗannan, kada a ba shi ɗan kowa.

Sai dai abin da ake sayarwa a sansanin nan, da can kyauta yake. Yaron da ya tashi yana kiwo, yana bin mahaifinsa gona, yana langa a dandali, ya samu rabonsa na haske ba tare da sanin sunan dofamin ba. Ɗan birni ne aka ƙwace wa, daga aji zuwa mota, daga mota zuwa lesin, daga lesin zuwa waya. Filayen unguwa an yanka su fuloti, katangar makarantun gwamnati an jera mata shaguna, sannan ana ba gidan haya mai ɗaki huɗu lasisin zama makaranta alhali ko wurin tsayuwar taron safe babu. Masu sa hannu a takardun nan ba a taɓa tambayarsu inda yaran za su ga rana ba.

Mai hali ya biya sansani, ko ya kai iyalinsa Yankari ko Dagona su ga tsuntsaye. Mara hali bai rasa komai ba muddin zai samar wa ɗansa awa biyu a waje kullum, ko da a tsakar gida ne ko gonar kaka. Malamin lesin ma yana iya fitar da benci gindin bishiya ya yi darasinsa a can. Abin da ya rage na hukuma ne: ta sa filin wasa cikin sharuɗɗan buɗe makaranta, kuma ta daina sayar da wanda ake da shi.