KALLON TSUNTSAYE DA MALAM-BUƊE-LITTAFI DA DAMINA

Ya kai manomi, kai da ka ke wuni a gona tun daga shuka har girbi, babu wanda ya fi ka ganin tsuntsaye da ƙwari. Amma Hausawa sun ce, "Ido, wa ka rena?" Ya ce, "Wanda na ke gani kullum." Mutane da yawa sun ɗauka kallon masu fiffike aikin yara ne. Ba haka ba ne. A cikinsu akwai barorinka masu yi maka aiki ba lada, akwai kuma ɓarayi masu shiga rabon rumbunka tun hatsi yana tsaye. Wanda bai san bambancinsu ba ya kan jefi abokinsa, ya bar ɓarawo yana ci.

LOKACIN KALLO

Tsuntsaye sun fi walwala da sassafe da kuma la'asar sakaliya. Ka zauna gindin itace a bakin gona, ka juya wa rana baya, kada ka yi yawan motsi. Ka lura da abu uku: launin tsuntsu, da siffar bakinsa, da abin da ya ke ci. Mai gajeren baki mai kauri, ƙwayar hatsi ya ke fasawa. Mai siririn baki kuwa, mafi yawa ƙwari ya ke nema. Ka ajiye ɗan littafi da fensir, ka riƙa rubuta rana da wata da wurin da ka ga kowane abu.

ABOKAN MANOMI

Shamuwa ta kan iso mana daga ƙasashen kudancin Afirka wajen Afril ko Mayu, ta yi sheƙa bisa manyan itatuwan gari, ta koma in damina ta ƙare. Zuwanta alama ce ruwa ya yi kusa, amma fa kada ka zuba iri domin ganinta kaɗai, ka jira ruwan da ya ratsa ƙasa. Abincinta fara ne da tsutsa. Balbela ma haka, ba don ƙaunar shanu ta ke binsu ba, farar da kofatonsu ya ke tasarwa ta ke tsinta.

Mujiya kuwa an zalunce ta. Ana jifanta ana cewa mugun tsuntsu ce. To, ka je ƙarƙashin wurin da ta ke kwana, za ka sami 'yan curin abin da ta amayar. Ka fasa guda da tsinke, ka ga gashi da ƙasusuwan ɓeraye. Ɓerayen nan su ne masu huda rumbu. Wanda ya kashe mujiya ya kori mai gadinsa da kansa.

JAN BAKI

Babban abokin gāba cikin tsuntsaye shi ne jan baki. Ɗan ƙarami ne, baki ja, namiji ya kan yi baƙin fuska lokacin ƙwai. Guda ɗaya yana cin misalin giram 10 a yini, abin da bai cika tafin yaro ba. Amma ba ya tafiya shi kaɗai. In sun kai miliyan guda, watau dubu sau dubu, a yini ɗaya sun cinye buhu 100 na kilo 100. Ƙwayar ciyawar daji ita ce asalin abincinsu, amma su kan fāɗa wa gero da dawa da shinkafa, tun ba sa'ad da ƙwaya ta ke da madara ba. Sun fi yawa wajen Tafkin Cadi da fadamun Haɗejiya da Nguru, inda su ke kwana cikin kacalla, su yi sheƙa cikin itatuwan ƙaya.

In ka ga garkensu da maraice yana tafiya kamar hayaƙi, kada ka tsaya mamaki. Ka lura da inda su ka nufa, gobe ka sake dubawa. In kullum wuri guda su ke sauka, ka san makwancinsu ke nan. Ka gaya wa dagaci a ranar, gama ƙwansu yana ƙyanƙyashewa cikin misalin kwana 10, labarin da ya kwana biyu a hanya ya rage amfani.

MALAM-BUƊE-LITTAFI

Sau huɗu wannan ƙwaro ya ke sake kama: ƙwai, sa'an nan tsutsa, sa'an nan ya kwanta cikin kwanso kamar matacce, sa'an nan ya fito da fiffike. Mai fiffike ba ya cin ganye, ruwan fure ya ke sha. Tsutsa ita ce mai ɓarna. Iri biyu ne. Na rana ya kan haɗa fukafukansa a sama in ya sauka, yana buɗewa yana rufewa, daga nan ya sami sunansa. Na dare kuwa mafi yawa ba shi da ado, ya kan shimfiɗa fukafukai bisa bayansa kamar jinka.

Na rana kaɗan ne su ke cutar gona. Akwai mai launin jan ƙasa da baƙi da fari a bakin fiffike, tsutsarsa ganyen tumfafiya ta ke ci, ɗacin ya zauna a jikinsa, tsuntsaye suna ƙinsa. Ka bar shi. Akwai wani mai zāne-zāne wanda ya ke ƙetare Hamada daga Turai, ya iso mana wajen ƙarshen damina. Shi ma baƙo ne. Amma babban nan baƙi mai ɗigon rawaya, in ka gan shi yana zagaya dashen lemunka, ka duba ganye. Tsutsarsa tana ƙarama ta yi kama da kashin tsuntsu. Ka tsince ta da hannu.

Cikin na dare ma akwai mai albarka: tsutsar da ta ke saƙa gidanta bisa tsamiya da doka, daga gare ta a ke samun zaren tsamiya na aikin riga. Domin ka san na dare, ka rataya farin zane bayan magariba, ka ajiye fitila gabansa. Daren da ka ga iri guda ya yi yawa ƙwarai, ka sani ana zuba ƙwai a gonaki, da safe ka je ka duba.

ƁARAYI UKU NA DARE

Na fari, murzuna. Ɓarnarta ta yi tsanani tun bayan farin 1972 zuwa 1974. Uwarta tana fitowa daga ƙasa misalin wata guda bayan ruwan shuka, ta yi ƙwai bisa zangarniyar gero da ta fid da kai. Tsutsar ta kan yanke furen tana kewaya zangarniya, ta bar hanya kamar an naɗa igiya. In ta ƙoshi sai ta shiga ƙasa, ta kwana nan har baɗi. A ƙasar Nijar, wajen Maraɗi, ana kiwon wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a sa shi cikin 'yan buhunan rama a rataye kusa da gonaki. Shi ke harbin murzuna ya yi ƙwai a jikinta, ta mutu.

Na biyu, tsutsar kara. Tana huda karan dawa da gero, zuciyar shuka ta bushe. Da rani ba ta mutu ba, tana kwance cikin busasshen karan da ka yi danga da shi, ko ka jingina a gindin itace. Ruwa na sauka sai ta yi fiffike ta koma gona. Ka tsaga kara goma da rani, ka gani da idonka. Karan da za ka yi aiki da shi ka babbaka shi sama-sama bayan girbi, sauran kuwa a ba dabbobi ko a dafa tuwo da shi tun shamuwa ba ta dawo ba.

Na uku, tsutsar masara, baƙuwa daga Amurka. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, Nijeriya tana cikin ƙasashen da ta fara bayyana. Kai da ka san boko ba za ta ɓace maka ba: a goshinta akwai harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe. Uwarta ta kan yi ƙwai 100 zuwa 200 a tari guda bisa ganye, ta rufe da gashin jikinta. Sau ɗaya ko biyu a mako ka ratsa gonarka, ka tsaya wuri 5, kowane wuri ka duba masara 10. In ka ga ƙwai ka murtsuke. In ka ga ganye ya yi huji, da kashi kamar dussa a zuciyar masara, ka ciro tsutsar, ko ka zuba toka ko rairayi a ciki. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi: tsutsa in ta girma ta nutse cikin zuciya, ko magani da ƙyar ya ke kai mata.

GA DAGATAI DA MASU UNGUWA

Ƙwaro bai san iyakar gona ba, saboda haka aikin nan ba na mutum guda ba ne. Ku zaɓi mutum ɗaya mai karatu a kowace unguwa, ya riƙe littafin gari: ranar zuwan shamuwa, da ranar ruwan shuka, da ranar da aka fara ganin kowace tsutsa. Bayan shekara uku ko huɗu littafin nan zai riƙa gaya muku makon da ya kamata a sa ido. Ku hana yara ɗibar ƙwan shamuwa da jifan mujiya. Kada kuma a fesa magani sai an ga ɓarna, an shawarci malamin gona, gama dafin da ya kashe tsutsa shi ne kuma ya ke kashe zuma da ɗan zanzaron nan mai taimakonku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da mu ka shuka. Amin.