Ciwon Zuciya na Mai Jego

Zuciya tsoka ce. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinta tura jini ko'ina cikin jiki. Tana bugawa wajen sau 70 a minti guda, dare da rana, ba hutu.

Wani lokaci tsokar nan takan raunana, ta saki, ta kasa tura jini sosai. Sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Akwai irin wannan ciwo da ke kama mata, tun daga watan haihuwa har zuwa wata 5 bayan an haihu. Yana da yawa a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun same shi ga mace 1 cikin kowace 100 da suka haihu.

Yaya za mu gane shi? Mai jego takan yi haki ko da ɗan aiki kaɗan. Ƙafafunta su kumbura. Ta riƙa tari da dare. In ta kwanta numfashi ya gagara, sai ta tashi zaune.

Likitocin Zariya sun zargi kunun kanwa da wankan jego. Binciken da aka yi a asibitocin Nijeriya a 2017 da 2018 ya fi nuna rama da hawan jini lokacin ciki. Amma duk da haka kanwa da gishiri suna tara ruwa a jiki, su ƙara wa zuciya kaya.

To, in mun ga alamun nan kada mu ce jego ne, kada mu ce sammu ne. Kada mu jira a yi arba'in. Mu kai ta asibiti ran nan. Likita zai ba ta maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, da wanda ke rage wa zuciya wahala. Ta sha kullum, ko ta ji sauƙi. Ta bar kanwa, ta rage gishiri. A ɗauke mata daka da ɗiban ruwa. Kada ta sake ɗaukar ciki sai ta yi shawara da likita, gama wani cikin yana iya tayar da ciwon.

Mata da yawa sukan warke in an kai su da wuri. In an yi jinkiri, ana iya rasa uwa, a bar jariri maraya. Maigida da uwar miji, wannan nauyi a wuyanmu yake. Allah ya ba mu lafiya, amin.