Diffa: Na'urar eko za ta iya jawo matasan likitoci fannin gyaran gaɓoɓi?

A Diffa, idan aka ce "eko", hankalin kowa kan tafi wajen mai juna biyu da ke son ganin kwanciyar ɗanta. Amma na'urar tana nuna tsoka da jijiya da gaɓa, kuma a nan ne ake ƙarancin masu iya aiki da ita.

Tun bayan harin Boko Haram a Diffa da Bosso a Fabrairun 2015, jihar ta tara mutanen da aka ceto rayukansu amma hannu ko ƙafa ba su koma daidai ba. Ga kuma manoman tattasai na bakin Komadugu, waɗanda noman rani ya cinye musu kafaɗa da gwiwa. Cibiyoyin ƙafar roba da ƙungiyar CICR ta tallafa wa suna Yamai da Damagaram, kuma daga Diffa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300.

Matashin da ya kammala karatun likita, ko a jami'ar Abdou Moumouni ko a Maraɗi ko Damagaram, yakan zaɓi fannin ƙwarewa gwargwadon abin da hannunsa ya taɓa. Wanda ya ga eko a ɗakin haihuwa kawai, can zuciyarsa za ta karkata. Gyaran gaɓoɓi kuwa, da yawa kallon tausa suke masa, raini kuwa ba ya jawo ɗalibi.

Horon eko yana iya sauya wannan kallo. Likita ya ɗora na'urar a kafaɗar majinyaci, ya ce ya ɗaga hannu, ya ga jijiyar da ta yage tana motsi, ya kai allura daidai wurin yana kallon allo. Babu hasken da ke cutar da jiki kamar na hoton ƙashi. A Amurka wannan yana cikin horon likitocin fannin. Yanzu ma akwai ƙananan na'urori irin su Butterfly iQ da ake haɗawa da wayar salula.

Sai dai na'ura ba ta koyar da kanta; idon mai riƙe da ita ne ke ganin ciwon. Mai neman ƙwarewa a fannin kan nufi birane kamar Abijan, kuma idan ya gama, sai ya tarar da albashi da kayan aiki a Diffa kafin ya yarda ya dawo.