Bayan Arba'in: Yadda Mai Jego Za Ta Koma Bakin Aiki Da Ƙarfinta

An sha suna, baƙi sun watse, arba'in ta matso, ke kuma kin soma lissafin ranar komawa bakin aiki. Ko malamar makaranta ce ke a Badariya, ko ma'aikaciya a sakatariyar Gwadangaji, ko mai shago a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko mai turara shinkafa a Argungu, damuwar ɗaya ce: jikin nan zai iya kuwa? Yaro fa, me zai sha idan ba na gida?

Abin da muke so ki riƙe tun daga farko shi ne, arba'in ba ita ce ƙarshen jego ba. Ranar fita unguwa ce da gaishe da dangi, amma jiki yana nan yana gyaran kansa har tsawon watanni. Komawa aiki da dawo da ƙarfin jiki shiri guda ne, kuma wadda ta fara shi da wuri, a hankali, ita ke cin riba.

Abin da jikinki yake ciki

Ranar da kika sauka, nauyin mahaifarki ya kai kimanin kilo 1. Sai ta yi kusan mako 6 tana tsukewa kafin ta koma girmanta. Naman ciki da ya buɗe ya ba jariri wuri, da naman ƙasan mara wanda yake riƙe da mahaifa da mafitsara, su sukan ɗauki lokaci fiye da haka. Shi ya sa za ki ji fitsari ya ɗan zubo idan kin yi tari ko atishawa, ko bayanki ya riƙe idan kin daɗe a tsaye. Ga jinin da kika zubar, ga rashin barci.

Saboda haka kada ki tsallake awon bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego cikin awa 24 na farko, sannan wajen kwana na 3, sannan tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai kuma a mako na 6. Wannan na mako 6 shi ne ya fi shafar maganarmu. Ki je asibitin Sir Yahaya, ko babban asibitin Argungu, ko asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, a auna hawan jini, a duba ko jininki ya yi ƙasa, a duba ɗinki idan akwai. A nan ne za ki tambaya ko kin isa fara motsa jiki sosai, a nan ne kuma za ku yi maganar tazarar haihuwa, domin da zarar shayarwa ta ragu saboda fita aiki, ciki yana iya shiga ko al'ada ba ta dawo ba.

Gajiyar da ba ta jego ba

Akwai wani ciwon zuciya da yake kama mata a ƙarshen goyon ciki ko cikin watanni 5 na farko bayan haihuwa, wato daidai lokacin da ake komawa aiki. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazarinsa a Zariya, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi, domin kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya nauyi. A 2007 wani bincike a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, maƙwabciyarmu, ya samu ciwon a mace 1 cikin kowace haihuwa 102. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa suka nuna cewa ba al'ada kaɗai ba ce, akwai hannun rama, da hawan jini na masu ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam.

Ga alamomin da ba a yi musu uzuri: haki bayan ɗan ƙaramin aiki, kasa kwanciya miƙe sai an tara matasan kai, tari da dare, kumburin ƙafafu, da bugun zuciya da sauri. Idan kin ga haka, kada ki bari a ce miki "jego ne, zai wuce." Ki tafi asibiti a ranar. Haka ma zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, jini mai yawa ko mai wari, da ƙuncin rai da yawan kuka da ya wuce mako 2. Wanka da ruwan ɗumi yana da daɗi kuma yana warware jiki, amma ban da tafasasshe mai ƙona fata. Kanwa kuma a rage ta ƙwarai, mai hawan jini ta bar ta gaba ɗaya. Ki yi wa Inna ko surukarki bayani cikin ladabi, ko ki tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita.

Motsa jiki daki-daki

Ba sai kin je wani wuri ba, tsakar gidanki ya isa. Tun a kwanakin farko, idan haihuwa ta zo da sauƙi, ki fara da matse naman ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari. Ki riƙe na daƙiƙa 5, ki saki, sau 10, ki maimaita sau 3 a rana. Kina shayarwa ma za ki iya, babu wanda zai sani. Sai kuma ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwoyi, ki ja cibiya ciki a hankali kina fitar da numfashi.

Daga nan sai tafiya. Ki fara da minti 10 bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, domin zafin Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40. Ki riƙa ƙarawa kowane mako har ki kai minti 30 sau 5 a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a ƙa'idojinta na 2020. Ma'auninki shi ne ki iya magana kina tafiyar. Gudu da tsallen igiya su jira har wajen wata 3. Idan jini ya dawo ko ya ƙaru, ki tsaya ki huta.

Wadda aka yi wa tiyata kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi cikin mako 6 na farko, kuma ta jira izinin likita. 'Yan uwa masu sana'ar shinkafa, ku ne abin ya fi shafa: ɗaga tukunya cike da ruwa, jan buhu, daka da dogon tsuguno suna iya jawo saukar mahaifa idan an yi gaggawa. A nemi mai taimako na wata 2 zuwa 3, ya fi jinya araha. Ɗaure ciki da zane yana ba da daɗin tafiya, amma ba ya mayar da ƙarfin nama, motsa jiki ne yake yi.

Kada kuma ki horar da kanki da yunwa ko shayin rage ƙiba don ki shiga tsofaffin kayanki. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin abinci. Allah Ya hore mana kifi, wake, gyaɗa, zogale, yakuwa, nono da fura. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini yadda aka rubuta miki.

Ki san haƙƙinki

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaciya hutun mako 12, rabi kafin haihuwa rabi bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 a wurin, sannan rabin awa sau 2 a rana domin shayarwa. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta sanar da hutun wata 4 ga ma'aikatanta mata, a 2021 kuma ta amince da kwana 14 ga magidanta. Jihar Legas a 2014 da Kaduna a 2019 sun kai nasu wata 6. Tun kina da ciki ki nemi ƙa'idar wurin aikinki a rubuce, ki tambaya ko za a haɗa miki da hutun shekara.

Nono da mai reno

Wata 6 na farko nono zalla ake so, ko ruwa ba a haɗawa. Saura mako 2 ki koma, ki fara koyon tatsa da hannu cikin kofi mai murfi da aka wanke da ruwan zafi, ki koya wa yaro sha da ƙaramin kofi. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi, kwana 4 a firji mai tsayayyar wuta. A lokacin zafi a sa kofin cikin kwanon ruwan sanyi kusa da randa, a ba shi da wuri. Ba a tafasa shi, cikin ruwan ɗumi ake tsoma kofin. A wurin aiki ki riƙa tatsa kowace awa 3 don kada nono ya ɗauke, da dare kuma ki ba shi ya ƙoshi.

Mai reno ta zama babba mai hankali, ba ƙaramar yarinya ba. Ki rubuta ranakun rigakafi a inda maigida zai gani: mako 6, 10 da 14, sai wata 9. Kada ki manta da rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, a wata na 5, 6, 7 da 15, lokacin da aiki ya riga ya ɗauke hankali.

Daga ƙarshe, ku zauna da maigida ku raba hidima tun kafin ranar: wa zai kai yara makaranta, wa zai yi cefane, wane dare za a karɓe ki ki yi barci. Neman taimako ba kasawa ba ce. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya albarkaci zuri'armu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.