Kwalbar Fam 3 Ta Kayar Da Ta Fam 12

Saura kwana huɗu sunan 'yar abokinmu a Manchesta, gardama ta kaure kan abin sha. Kwalba 20 ake buƙata, angon ƙarni kuma ya kafe sai lemon inabi mai kumfa na fam 12, wai kada a ce ya yi rowa. Ɗalibi ne fa, ga kuɗin haya na jiransa.

Sai muka ce harshe ya raba gardama. Tun a kanti muka tace, domin kayan iri biyu ne. Akwai ruwan inabi da aka ɗura wa gas, irin su Shloer, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma giyar da aka cire wa barasa, wadda a Ingila kan iya ɗauke da ragowar kashi 0.5 cikin 100. Wannan muka bar ta a kan kanta.

Mu shida, kwalabe biyar. Ƙanwar maijego ta naɗe kowacce da takarda, ta sa lamba, ta sanyaya su daidai wa daida, tunda sanyi na rage jin zaƙi. Kowa ya kurɓa, ya kuskure baki, ya rubuta maki, ba leƙen na kusa. A irin wannan gwaji ne giyar Kalifoniya ta kunyata ta Faransa a Paris a 1976.

Mai tsadar ta zo ta huɗu. Kumfa kamar me, ɗanɗano salam. Ta fam 3 ce ta yi zarra, kuma maigidan da kansa ya ba ta maki mafi yawa. Rarar fam 180 ta tafi kan ragon suna.