Yadda maki ɗaya ke sauya farashin tsohon katin besbol a Amurka

A watan Agustan 2022 aka sayar da katin hoton ɗan wasan besbol Mickey Mantle, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, kan dala miliyan 12.6. Babban abin da ya ɗaga darajarsa shi ne makin 9.5 da kamfanin tantancewa na SGC ya ba shi.

Irin waɗannan kamfanoni, ciki har da PSA da aka kafa a 1991, kan auna kati daga maki 1 zuwa 10. Suna duba kusurwoyinsa da gefunansa da fuskarsa da daidaituwar hoton a tsakiya, sannan su rufe shi cikin gidan roba mai ɗauke da makin.

Sai dai idon ɗan'adam ne ke yanke hukuncin, shi ya sa kati ɗaya kan samu maki mabambanta. Wasu dillalai kan fasa gidan robar su sake aika katin, da fatan samun ƙari.

Katin farko da PSA ya tantance, na Honus Wagner, ya samu maki 8. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunansa, alhali ƙa'ida ta hana bai wa datsattsen kati maki.

Saboda haka gogaggun masu saye ba sa dogaro da lambar kaɗai. Sukan duba katin da idonsu kafin su biya.